Za a kawo Mubarak wurin kakarsa a Aboabo, amma famfon da ke cikinsa fa?

Kawu Sani, Aboabo:
Assalamu alaikum jama'ar gida da na waje. Ina neman shawara, musamman daga ma'aikatan asibiti da ke cikinmu. Ɗan yayana da ke Bronx a Amurka, Mubarak, shekararsa 11. Tun wajen haihuwa ya samu matsala a ƙwaƙwalwa, ya taso jikinsa a sanƙare, ƙafafu a harɗe, hannaye a dunƙule. Shekara huɗu da suka wuce likitocin can suka yi masa aiki, suka sa masa wani ɗan famfo a ƙarƙashin fatar ciki, yana ɗiga masa magani a cikin baya. Sunan maganin baklofen. Alhamdu lillahi ya samu sauƙi, yanzu yana zama a keke, ana sa masa wando ba tare da kokawa ba.

Mma ta tsufa, kuma ba ta taɓa ganinsa ba sai a waya. Yaya yana so ya kawo shi a watan Yuni in an yi hutun makaranta, ya bar mana shi har ƙarshen shekara. Mma kuma tana da niyyar a kai shi wurin wani mai magani a wajen Ejura da ake ta yabo. Abin da ya tsaya mana shi ne, ranar 20 ga Agusta ce ranar sake cika famfon, kuma matar Yaya ta kafe ta ce yaro ba zai wuce wannan rana a Ghana ba. Ni kuwa na leƙa kemis a Adum nan cikin Kumasi na ga ana sayar da baklofen na ƙwaya. In na famfon ya ƙare, ba sai mu ci gaba da ba shi na ƙwaya ba har ya koma?

Alhaji Garba, Alabar:
Wa alaikumus salam. Sani, ai magani ɗaya ne, suna ɗaya. A kawo yaro ya ga kakarsa. Matan nan na waje komai sai sun mai da shi babba.

Anti Rabi, nas, Bronx:
Wa alaikumus salam. Alhaji, da girmanka, amma wannan karon uwar yaron ce ke da gaskiya. Kawu Sani, don Allah kada ku yi haka. Ina aiki a sashen da ake jinyar masu ciwon laka da na ƙwaƙwalwa, kuma babu abin da muke tsoro ga mai wannan famfo kamar maganin ya yanke masa kwatsam. Ba wai jikinsa zai koma yadda yake kafin a sa famfon ba ne kawai. Yakan wuce nan nesa, kuma yana kisa.

Yakan fara ne cikin 'yan sa'o'i zuwa 'yan kwanaki bayan yankewar. Da farko jiki ya ƙara tauri, sai ƙaiƙayi ba tare da ƙuraje ba, sai jin tsira-tsira a fata, yaro ya kasa barci, ya yi ta fushi ba dalili. In ba a tare ba sai zazzaɓi mai zafi ya shigo, wani har ya haura digiri 40, hankali ya rikice, jiki ya sandare, wani ya yi jijjiga. Tsokar da ta ƙi saki ta fara lalacewa, abin da ke cikinta ya zuba a jini ya je ya toshe ƙoda. A lokacin za ka ga fitsari ya yi duhu ya kuma ragu. Daga nan sauran gaɓoɓin ciki ke bi.

Kawu Sani, Aboabo:
Subhanallahi. To Anti, ƙwayar ba za ta tare duk wannan ba? Mai kemis ya nuna mini, miligiram 10 ce kowace ɗaya.

Usman mai famasi, Asawase:
Kawu, bari in shigo nan, fannina ne. A cikin laka akwai abin da Allah ya halitta da ke kwantar da jijiyoyi, kamar birki. Yaro irin Mubarak umarnin da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa ya ce wa tsoka ta saki ba ya isowa daidai, shi ya sa jiki ke sanƙarewa. Baklofen yana taka wannan birki a madadinsa. Amma in aka shekara huɗu ana ɗiga maganin kai tsaye a ruwan da ke kewaye da laka dare da rana, jijiyoyin sukan saba, su rage nasu ƙoƙarin. Ranar da ya yanke kwatsam, babu na magani, nasu kuma bai farfaɗo ba.

Maganar ƙwaya kuma, lissafin yana ruɗarwa. Miligiram 10 maikirogiram 10,000 ke nan, shi kuwa famfo 'yan ɗaruruwan maikirogiram yake bayarwa a yini guda. Sai mutum ya ga ai ƙwaya ta fi ƙarfi. Amma ƙwaya sai ta bi ciki ta shiga jini, kuma tsakanin jini da laka akwai shinge, kaɗan ne ƙwarai ke tsallakewa. Na famfo kuwa a kan lakar ake sauke shi. Kafin ka cika wa laka abin da ta saba samu ta hanyar baki, ka ba yaro abin da zai sa shi barcin da ba a iya tashe shi, numfashinsa ya yi ƙasa. Takardar da ke cikin kwalin maganin famfon ma ta faɗa ƙarara cewa kada a dogara da na baki shi kaɗai don tsayar da wannan hali. Likitoci suna ba da shi a matsayin taimakon gaggawa kafin a dawo da na laka, ba a matsayin maye gurbi ba.

Alhaji Garba, Alabar:
To ai ka faɗi abin da nake zargi da bakinka. Sun saba wa yaro da abin da ba zai iya rabuwa da shi ba. Me ya raba wannan da tiramol da ya gama da samarinmu a Zongo? Kamfani ya sa maka ƙarfe a ciki, kai da shi har abada, kana biya suna ƙirga kuɗi. Kakanninmu sun yi renon irin waɗannan yara ba famfo ba batir.

Usman mai famasi, Asawase:
Baba Alhaji, maganar tsada gaskiya ce, ba zan musa ba. Na'urar da cikawar duk kuɗi ne mai yawa, shi ya sa ba kowa ke samu ba. Amma ba ɗaya suke da tiramol ba. Mai shan tiramol yana bin sa ne don jin daɗi, yana ƙara yawa da kansa, yana sayar da kayan gida a kansa. Mubarak bai ma san lokacin da maganin ke ɗiga ba, ba ya marmarinsa. Jijiyoyinsa ne suka daidaita da shi. Kuma ba har abada ba ne dole. In iyaye suka ce ba sa so, likita yana rage adadin kaɗan-kaɗan da na'urar saiti, mako bayan mako yana duban yaron, har a kai inda za a iya cire famfon. Rabuwa da shi a hankali a hannun likita abu ne da ake yi. Barin sa ya ƙafe a ɗakin Mma ne ba a yi.

Maman Nafisa, Sawaba:
Alhaji, ka yi haƙuri in ce wani abu, ni ce mai irin wannan yarinya a gida. Kakanninmu sun rene su, gaskiya ne, amma nawa ne suka girma? Nawa aka ɓoye a bayan ɗaki ana cewa 'yan ruwa ne? Nafisa shekararta 9, in zan yi mata tsarki sai na sa gwiwata na buɗe ƙafafunta, tana kuka ina kuka. Da zan samu abin da zai sassauta mata jiki kamar na Mubarak, wallahi ko gidan gado zan sayar.

Anti Rabi, nas, Bronx:
Allah ya saka miki, Maman Nafisa, ya ba ki ladan jinya.

Alhaji, wannan ba tsoratarwar nas-nas ba ce. An fara gwada ɗiga baklofen a laka ne a Cikago a 1984, likita Richard Penn da abokin aikinsa Jeffrey Kroin. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1992 ga masu ciwon laka, a 1996 ta ƙara da masu matsalar ƙwaƙwalwa irin ta Mubarak. A 2002 aka sa masa gargaɗi mafi tsanani da ake sa wa magani a ƙasar, wanda ake zagayewa da baƙin layi a saman takarda, kuma a kan yankewar kwatsam ɗin nan ne. A shekara 9 na farko an kai rahoton mutum 27 da abin ya same su, 6 suka rasu. A ƙasar da motar asibiti ke zuwa ƙofar gida cikin mintuna ke nan.

Abin da ya fi tayar mini da hankali game da gida shi ne kamarsa da wasu cututtuka. Yaro ya zo daga waje a damina, ya yi zazzaɓi mai zafi, hankalinsa ya gushe, yana jijjiga. Wa zai ce ba maleriya ba ce ta hau kai? Ko sanƙarau? Za a sa masa allurar maleriya a jira. A gida kuma wata za ta ce iska ce, a kira malam. Duk sa'o'in nan tsoka tana lalacewa. Ko a nan, likitocin gaggawa da ba su saba da famfon ba sukan ɗauka ƙwayar cuta ce ta shiga jini.

Malam Idi, Tafo Zongo:
Tunda an ambaci malamai bari in sa baki. Babu saɓani tsakanin ruƙya da famfo. A yi wa yaro addu'a, a tofa masa, Mma ta ɗora hannunta a kansa, duk alheri ne. Amma malamin da ya ga yaro da zafin jiki haka ya riƙe shi a zaure bai ce a tafi asibiti ba, ya ɗauki alhaki. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce mu da neman magani, kuma ya ce wa mai raƙuma ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Yaron nan amana ne, ba shi da bakin da zai ce ku tsaya.

Sai dai kuma kada a manta da haƙƙin tsohuwa. Sada zumunci ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba mu san kwanan kowa ba. A nemo hanyar da za ta gan shi, kada a ce kawai ba zai zo ba.

Alhaji Garba, Alabar:
Yauwa Malam. Abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu.

Bashiru, Hambog:
Assalamu alaikum. Ban cika magana a nan ba, amma ni ina ɗauke da wannan famfo a jikina, tun bayan da kaya suka faɗo mini a baya a wurin aiki. Faɗinsa bai kai santimita 9 ba, in ka shafa gefen cikina za ka ji shi a ƙarƙashin fata. Daga shi wani siririn tiyo ya zagaya ta kuiɓi ya shiga ƙashin baya.

Abin da Anti Rabi take faɗa ya same ni, kuma ba don maganin ya ƙare ba. Bai daɗe da cikawa ba ma. Da la'asar na fara jin ƙaiƙayi a ƙirji da wuya, matata ta duba ba ta ga ko ƙurji ɗaya ba, muka ce ko sabulu ne. Bayan isha'i ƙafafuna, waɗanda ban iya motsa su da kaina, suka fara miƙewa suna rawa, dunduniyata tana bugun ƙarfen gado har maƙwabcin ƙasa ya ji. Zufa ta jiƙa zanen gado. Can cikin dare, in ji matata, na fara kiran sunayen mutanen Asawase da suka daɗe da rasuwa ina cewa ta ba su wurin zama. Ita ce ta kira motar asibiti ta miƙa musu katin famfon. Na farka a ɗakin masu matsanancin ciwo. Ashe tiyon ne ya zame daga wurinsa, famfo yana ta aiki yana zubar da maganin inda ba shi da amfani.

Ku riƙe wannan da kyau: famfon bai yi ƙara ba ko sau ɗaya. Yana ƙara in magani ya kusa ƙarewa, ko batir ya kusa mutuwa, ko injinsa ya tsaya. Amma in tiyo ya lanƙwashe ko ya tsinke ko ya zame, bai sani ba. Don haka kada wani ya ce ai ba mu ji ƙara ba, lafiya lau. Kuma ƙarar ma ba ta da ƙarfi. A gidan Aboabo da rediyo da yara da injin niƙa a maƙwabta, sai an kasa kunne.

Ni babba ne, na iya cewa ina jin ƙaiƙayi. Mubarak yana magana?

Kawu Sani, Aboabo:
Allah ya ƙara lafiya Malam Bashiru. Kalmomi kaɗan yake faɗa, uwarsa ce ke gane sauran.

Bashiru, Hambog:
To ka gani. Wanda zai lura cewa kukan yau ba irin na jiya ba ne, ita ce. In ba ta nan, alamun farko duk za su wuce ku.

Hajiya Mariya, Nima:
Ina karantawa daga Akara. To ba za a iya cika famfon a nan ba? Ga asibitin Korle Bu, ga na Komfo Anokye a gefenku, duk akwai likitocin ƙwaƙwalwa da laka. Ko a zo da maganin a jaka, nas ta zo gida ta zuba?

Anti Rabi, nas, Bronx:
Hajiya, nas ta zo gida ta zuba, wannan kam a'a. Cikawar tana buƙatar abu uku a wuri ɗaya: ruwan baklofen na musamman da aka yi don laka, kayan cikawa na kamfanin famfon da allurarsu, da na'urar da ke magana da famfon ta gaya masa an zuba kaza, ta sake saita ranar ƙara. Sannan hannun da aka horar. Ƙofar da allura ke shiga ƙarama ce a tsakiyar famfon, ta cikin fata ake lalubo ta. In aka kuskure aka zuba a ƙarƙashin fata maimakon cikin famfon, yaro zai samu maganin watanni a lokaci ɗaya, jiki ya saki gaba ɗaya, numfashi ya tsaya. In ya tsira daga wannan, famfo kuma babu komai a ciki, sai yankewar ta biyo baya. Ga kuma ƙwayar cuta, in ta shiga hanyarta ɗaya zuwa laka.

Game da manyan asibitocinmu, kada a sayi tikiti a kan zato. Kawu ya je da ƙafarsa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa da laka, ya faɗi sunan famfon da ƙirarsa, ya tambaya ko suna da na'urar saitinsa da maganin. In an ce e, a samu sunan likitan da lambarsa, a haɗa shi da likitan Mubarak su yi magana. In ba a samu haka ba, to ranar cikawa ita ce ke yanka tsawon tafiya, kuma a koma da sauran kwanaki masu yawa a hannu, don jirgi yana iya ɓaci, yaro yana iya kwanciya maleriya a makon tafiya.

Usman mai famasi, Asawase:
A tambayi batir ma. Irin wanda aka daɗe ana sawa, SynchroMed II na kamfanin Medtronic, ba ya wuce shekara 7, wani ma bai kai ba in yana ba da magani da yawa. Ba a canza batir, famfon gaba ɗaya ake sakewa da tiyata. Shekara huɗu ta riga ta tafi. Kuma in wani dalili ya sa aka ce a yi masa hoton MRI a nan, maganaɗisun yana tsayar da injin famfon. Yawanci yakan tashi da kansa bayan an fito, amma dole a duba da na'ura a tabbatar.

Anti Rabi, nas, Bronx:
Sai maganar Ejura, wadda kowa ke kewayewa. Ban san mutumin ba kuma ba zan zage shi ba. Amma mun san abin da ake yi wa yaro mai sanƙararren jiki: tausa mai ƙarfi, jan ƙafa da murɗa baya don a miƙar, sirace, gashi da ruwan zafi, tsaga a shafa magani, jiƙo a ɗura. Murɗa baya da danna ciki na iya zame tiyon, abin da ya sami Malam Bashiru. Zafi mai yawa yana sauya yadda famfon ke ɗiga, kamfanin ma ya hana shiga wurin turiri ko ruwan da ya wuce digiri 39. Tsaga kusa da famfo ko a gadon baya ƙofar cuta ce, kuma in famfo ya kamu da cuta sau da yawa cire shi ake yi da gaggawa. Jiƙon da ba a san me ke ciki ba, in yana sa barci, ya haɗu da baklofen.

Alhaji Garba, Alabar:
Wato na bature duk daidai, namu duk haɗari. Mutane nawa aka kai wurin masu maganin nan a kwance suka dawo da ƙafarsu?

Maman Nafisa, Sawaba:
Alhaji, na kai Nafisa wurare har arewa. Tabon tsaga yana nan a bayanta, ƙafafun suna nan yadda suke. Abin da ya ɗan taimaka mata shi ne gashi a asibiti da motsa gaɓoɓi da suka koya mini, sai ƙwayar baklofen ɗin nan.

Malam Usman, maganarku ta sa gabana faɗuwa. Ni in kuɗi suka yanke, ko na je ban samu ba, takan yi kwanaki ba ta sha ba. Kuma na lura a kwanakin ba ta barci, tana firgita, jikinta yana ƙara tauri. Na ƙwayar ma haka yake?

Usman mai famasi, Asawase:
Maman Nafisa, e, na ƙwaya ma ba a tsayar da shi kwatsam. Bai cika kai na famfo tsanani ba, amma yana kawo ruɗewa, ganin abin da babu, bugun zuciya da sauri, har da jijjiga. Abin da kika lura da shi alamunsa ne. In za a daina, ana ragewa ne a hankali a cikin mako ɗaya zuwa biyu ko fiye, bisa tsarin likita. Kada ki bari sai kwalin ya ƙare. In ya rage na mako guda ki fara nema, in kin ga ba za ki samu ba ki koma wurin likitanta tun da sauran, ya tsara miki yadda za ki yi da abin da ya rage. Kuma ranar da kika samu bayan ta yi kwanaki ba ta sha ba, ki tambaya kafin ki mayar da ita kan cikakken adadin. In ta taɓa samun matsalar ƙoda ki faɗa musu, don ta ƙoda yake fita. Ki yi mini magana ta gefe.

Hajiya Mariya, Nima:
Na wata uku na Nafisa yana wuyana. Usman, ka gaya mini nawa ne in turo ta waya.

Maman Nafisa, Sawaba:
Hajiya, Allah ya biya ki, ya raya miki zuri'a.

Baban Mubarak, Bronx:
Assalamu alaikum. Sani ya ce in shigo in karanta, na karanta tun daga sama a cikin mota kafin in ɗauki fasinja. Na gode wa kowa. Akwai abin da ƙanena bai faɗa ba don ya rufa mana asiri. Ba don Mma kaɗai na so barin yaron wata shida ba. Uwarsa ta gaji. Shekara 11 ba ta yi barcin dare cikakke ba, tana tashi ta juya shi, ta ɗaga shi daga keke zuwa bayi, yanzu ya yi nauyi, bayanta ya fara ciwo. Ga ƙannensa biyu. Ni ina kan titi daga asuba. A gida akwai hannaye da yawa, a nan mu biyu ne a ɗaki hawa na huɗu. Na so ta huta ne, ita kuma ta ce gara ta mutu a tsaye da a bar famfon ya ƙafe.

Malam Idi, Tafo Zongo:
Allahu akbar. Allah ya dubi wannan baiwa tasa. Alhaji Garba, ita ce ka ce tana mai da abu babba.

Alhaji Garba, Alabar:
Allah ya ba ta lada. Amma har yanzu ina cewa yaro ya zo.

Anti Rabi, nas, Bronx:
Ya zo mana, Alhaji, ba wanda ya hana. Yaya, gajiyar Maman Mubarak matsala ce ta gaske kuma tana da nata maganin a nan. Jihar New York tana da tsarin da ake turo wanda zai karɓi mai jinya na wasu sa'o'i, ko a riƙe yaron na 'yan kwanaki a wurin da suka san irin lalurarsa. Ku tambayi ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta asibitinsa. Mu ma matan Zongo da ke nan ba mu da uzuri, zan yi magana da su a masallaci ranar Juma'a.

Tafiya kuma, ku gaya wa likitansa tun yanzu. Yana iya cika famfon gab da tashi, ya karanta batir, ya rubuta takarda da ta ƙunshi adadin da yake samu a yini, ranar da zai ƙare, alamun yankewa, da abin da likitan gaggawa zai yi: a kwantar da shi inda ake sa ido a kan numfashi, a ba shi irin su diyazefam ta jijiya da baklofen ta baki, a duba jini don lalacewar tsoka da ƙoda, a nemi hanyar mayar da na laka da wuri. Ya rubuta muku na ƙwaya na ko-ta-kwana da adadinsa, da rigakafin maleriya da ya dace da sauran magungunansa. Kuma uwarsa ta zo tare da shi. A Aboabo ma ai za ta huta, ga masu ɗauka.

Baban Mubarak, Bronx:
Jama'a, mun ga likitan. Za a cika ranar 12 ga Yuni, mu taso bayan kwana biyu, mako huɗu za su yi shi da uwarsa. Batir ya ce da sauran fiye da shekara biyu. Ya ba da lambar da ake samunsu dare da rana. Na yi waya da Mma, ta yi shiru da jin mako huɗu, sannan ta ce to Ejura fa. Na ce mata sai dai a kawo malam gida ya yi addu'a. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Kawu Sani, Aboabo:
Ni zan kai kwafin takardar Komfo Anokye kafin su sauka, su san da zuwan yaron. Na kuma yi magana da maƙwabcinmu mai tasi, zai bar wayarsa a kunne da dare duk tsawon zamansu. Abin da ya rage Mma da Gwaggo, su ne za su yini da shi in uwarsa ta fita gaishe-gaishe, kuma ba sa karatun boko. Anti Rabi, ko za ki yi mana saƙon murya da Hausa, ki faɗi alamun nan ɗaya bayan ɗaya, da maganar tausa da sirace? Daga bakinki za ta fi ji, ta san mahaifiyarki.

Anti Rabi, nas, Bronx:
Zan yi in na sauka daga aikin dare, in sha Allah. Malam Bashiru, kai ma ka yi naka ka turo wa Kawu, ka faɗa mata yadda ƙaiƙayin ya fara. Kawu, ka sayi ma'aunin zafin jiki ka ajiye a ɗakin, ka koya wa Gwaggo karanta shi tun kafin su iso.